Zaɓen rigar nitso don Bahar Maliya

Mai shirin nitso da tukunyar iska a Hurghada ko Sharm el-Sheikh na Masar, ko Port Sudan na Sudan, yakan ce ai ruwan can da ɗumi, wace riga kuma? Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu. Ko a digiri 27, in ka yi minti hamsin a ƙasa sau uku a yini, a na ƙarshe sai ka fito haƙora na kaɗawa.

Da robar niyofirin ake yin rigar, mai kama da soso, cike da ƙananan kumfar gas, kuma kumfar ce ke tare ɗumi. A Agusta, da ruwa ke kai digiri 28 zuwa 29, mai kaurin milimita 3 ta wadatar. A Fabrairu kuwa, arewacin tekun yana sauka zuwa 21 ko 22, sai milimita 5 da hula, mai saurin jin sanyi ya ɗauki 7. Sai dai wannan kaurin na saman ruwa ne. A zurfin mita 10 matsi ya ninka, a mita 30 ya zama ninki huɗu, kumfar ta motse, rigar ta yi siriri. Shi ya sa mai laushin tsiya, irin ta masu hawan igiyar ruwa, ba ta riƙe ɗumi a ƙasa.

Amma a ganina yadda riga ta zauna a jiki ya fi kaurinta muhimmanci. Ruwa kaɗan ne ya kamata ya shiga, jiki ya ɗumama shi, ya tsaya nan. In akwai sarari a hammata ko a kwankwaso, ko wuyan ya saki, duk motsin da ka yi sabon ruwan sanyi zai kwararo ta gadon bayanka. Kada ka saya sai ka gwada: ja zif har sama, ɗaga hannu, tsuguna, ja dogon numfashi. Ta kama ka ko'ina, amma kada ta shaƙe maƙogwaro ko ta danne ƙirji. In ƙafa ta ƙi wucewa, saka mata leda, sai ta sulale.

Juya cikinta ka dubi ɗinkin. Wanda allura ta huda robar gaba da baya yana yoyo, na ruwan ɗumi ne. Wanda aka fara mannewa da gam, allura ta tsaya rabi, shi ne na sanyi.

Riga mai kauri tana ɗaga mutum sama, don haka in ka canza ta, sake gwada nauyin dalmar da kake ɗaurawa don ka iya nitsewa. Bayan fitowa a ɗauraye ta da ruwan famfo, a shanya a inuwa kan maratayi mai faɗi, domin rana tana busar da robar har ta tsattsage.