Kwana uku a gundumar Lamu

Jirgin da ya ɗauko mu daga Nairobi a tsibirin Manda ya sauka, domin a can filin jirgin yake, daga nan muka shiga kwale-kwale mai inji muka tsallaka zuwa garin Lamu cikin 'yan mintoci. Ban yi nisa da bakin gaɓa ba na gane dalilin da ya sa mota ba ta da aiki a nan: lungunan sun yi ƙunci ƙwarai, har ta kai idan jaki ya taho da buhunan siminti sai mutum ya lafe jikin bango ya ba shi hanya.

Lamu na cikin gundumomi 47 da tsarin mulkin Kenya na 2010 ya samar, kuma ita ce mafi ƙarancin jama'a, domin ƙidayar 2019 mutum 143,920 ta samu a cikinta. Ta haɗa tsibirai irin su Lamu da Manda da Pate, da kuma wani yanki na tudu da ya yi iyaka da Somaliya.

Tarihinta ya fi girmanta nesa ba kusa ba. Garin yana nan tun ƙarni na 14, Turawan Fotugal sun iso shi a 1506, daga baya Larabawan Oman suka karɓi ragama. A tsakiyar gari na tsaya gaban wani katafaren gini mai kaurin bango, wato tsohon sansanin tsaron garin, wanda aka kammala wajen 1821, bayan mutanen Lamu sun ci mayaƙan Pate da na Mombasa a yaƙin Shela. Daga 1910 zuwa 1984 gidan yari ne, abin da a ganina ya rage masa daraja. A 2001 UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya, kuma wanda ya shafa sassaƙar ƙofofin katakon gidajensa ba zai yi mamakin hakan ba.

Inda na fi daɗewa shi ne masallacin Riyadha, wanda Habib Swaleh, malamin da ya zo daga tsibiran Komoros, ya assasa, inda ake babban taron Mauludi duk shekara. Sawahilinsu ba ya shiga kunnena, amma da wani dattijo ya ce jirginmu na komawa "asubuhi" zai tashi, ban nemi tafinta ba. Ana idar da sallar asuba na ɗauki jakata na nufi bakin ruwa.