Buhu ɗari shida

Laraba, 31 ga Disamba, 2025

Ƙarfe goma da rabi na dare. Na yi wanka sau biyu, amma har yanzu ina jin ƙurar ɓuntu a maƙogwarona. Gara in rubuta wannan rana tun tana da ɗumi, don gobe ba lallai in tuna yadda fuskar Baba mai sito ta yi ba.

Yau ce ranar rufe shekarar kuɗi ta kamfanin casar shinkafar da muke yi wa binciken asusu, can bayan gari a kan hanyar Zariya. Na fita bayan asuba kaɗan, hazo ya rufe titi, fitilun manyan motoci sai ka zo dab da su kake ganinsu. Na biya na ɗauki yaron da nake koya wa aiki, wanda ke shirin jarrabawar ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, ya shigo mota yana rawar ɗari da allon rubutu a hammata. A hanya ya tambaye ni me ya sa sai yau, tunda ainihin binciken sai watan Fabrairu za mu zauna a kansa. Na ce masa rasit yana jira, takardar banki tana jira, amma buhu ba ya jira. Abin da ke cikin sito a daren yau shi za a rubuta a takardar dukiyar kamfani, kuma in aka buɗe ƙofa ranar Juma'a tireloli suka fara lodi, babu wanda zai iya dawo mana da yau.

Bakwai da rabi muka shiga. An tsayar da injina, an hana shiga da fitar kaya, kamar yadda muka nema a rubuce tun makon jiya. Mutane da yawa suna zaton odita, wato mai binciken asusu irina, shi ne ke ƙirga wa kamfani kayansa. Ƙirge aikin ma'aikatansu ne. Mu namu shi ne mu tsaya mu ga yadda suke yi, sannan mu zaɓi wasu tuli mu sake ƙirgawa da kanmu. Kuma ta fuska biyu muke yi. Mukan ɗauki lamba daga takardarsu mu je mu nemi kayan a ƙasa, don mu tabbatar abin da aka rubuta akwai shi. Mukan kuma nuna tuli a ƙasa mu ce a nuna mana shi a takarda, don kada a ce an bar wani abu ba a rubuta ba. Yaron nan na farkon kawai ya riƙe, sai da na tuna masa na biyun.

Siton shanshera bai ba mu wahala ba. An sayo ta daga Kura da Garun Malam da Haɗejiya, kowace mota ta hau sikeli a bakin ƙofa, kuma takardun sikelin sun yi daidai da katin sito in ban da ɗan ragin da bushewa ke jawowa. Na sa an soka na'urar auna danshi a buhu goma, muka wuce.

Siton shinkafar da aka gama casa ne ya riƙe mu har azahar. Buhuna ne masu kilo 50, an jera su tuli-tuli. Ana ƙirga tsawo, a ƙirga faɗi, a ƙirga hawa, a ninka. Amma ban taɓa yarda da tuli daga ƙasa ba, don ana iya gina shi kamar ɗaki, a bar cikinsa fayau. Na sa yaron ya hau tsani ya taka saman kowane tulin da muka zaɓa, a biyu daga ciki kuma 'yan dako suka ɗaga hawa uku muka leƙa. Duk a cike suke. Da muka haɗa jimla sai muka sami 8,800. Katin sito ya ce 9,400. Muka sake, aka sake samun 8,800.

Buhu ɗari shida. Lodin tirela guda ke nan cif.

Wurin ya yi tsit. 'Yan dako suka daina hira, akantan kamfani ya shiga latsa waya ba tare da yana kiran kowa ba. Baba mai sito, dattijo ne mai furfura wanda aka ce tun kafin a kafa injin farko yake tare da mai kamfanin, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, “'Yata, shekara ashirin da biyu ina riƙe da makullin nan. Ko tsintsiya ban taɓa kaiwa gidana ba.” Hannun da ya riƙe hular yana rawa. Na ce masa, “Baba, wallahi ban zo da zargi ba. Lamba biyu ce suka saɓa, kuma ni da kai za mu nemo inda suka rabu.” Wannan shi ne abin da ya fi yi mini nauyi a aikin nan. Da zarar an ce odita ya zo, sai mutumin kirki ya ji kamar an kawo masa ɗan sanda, alhali mafi yawan giɓin da nake gani ba na sata ba ne, na takardar da ta kwana a aljihun wani ne.

Muka tafi wurin maigadi na karɓi littafin bakin ƙofa. Na bi shi da yatsa daga ranar Asabar. A daren Litinin, ƙarfe tara da kwata, ga tirela ta fita, ga lambarta, ga sa hannun direba, an rubuta Maiduguri. Da Baba ya ga layin sai ya dafe goshi. Ya zaro wani ɗan littafi daga aljihun gaba, duk gefensa ya naɗe, a tsakiyarsa ga kwafin takardar rakiyar kaya an ninke shi huɗu. Mai kamfanin ne ya kira shi a waya bayan an tashi daga ofis ya ce a loda wa wani tsohon abokin ciniki. An loda, an rufe sito, washegari aka shiga hidimar shirin ƙirge, takardar ba ta kai teburin akanta ba, ba a kuma rage ta a kati ba. Baba ya ce “Alhamdu lillahi” har sau uku, ya mayar da hularsa.

Hankalinsa ya kwanta, amma ni aikina bai ƙare a nan ba. Da an bar lissafin yadda yake, littafi zai nuna shinkafar da ba ta cikin sito, ya kuma ɓoye cinikin da aka yi a cikin wannan shekara da bashin da ake bin mutumin Maiduguri. Na sa akanta ya fito da takardun rakiya biyar na ƙarshe da rasitai biyar na ƙarshe, na rubuta lambobinsu. In mun dawo a Fabrairu zan duba abin da ya biyo bayansu, in ga ko an ja cinikin Janairu an cusa shi a Disamba don riba ta yi kyau, ko an tura na Disamba gaba don haraji ya yi sauƙi. Duka biyun ana yi.

A lungun siton kuma na ga wasu buhuna 85 an lulluɓe da tamfol. Da aka ɗaga sai warin fumfuna ya bugo mu. Rufin kwano ne ya yi yoyo da damina. Suna cikin ƙirge, amma ba za a sa musu kuɗin lafiyayyu ba. Ƙa'idar ita ce a kwatanta abin da aka kashe a kan kaya da abin da za a samu in an sayar, a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta. Wannan ƙa'ida za ta ciji kamfanin bana fiye da buhu 85, don sun sayi shanshera da tsada kafin farashin shinkafa ya sauko. Na rubuta shi da jan biro don in nuna wa ogana.

Bayan la'asar Alhaji mai kamfanin ya aiko a kira ni. Mutum ne mai fara'a, ya sa aka kawo shayi. Ya fara da tambayar sabbin dokokin harajin da za su soma aiki gobe, 1 ga Janairu, na ce masa wannan sai mun zauna na musamman tare da ogana. Ni kuma na kawo maganar da na ƙulla tun binciken tsakiyar shekara: basussukan da suka haura shekara uku ba a biya ko sisi ba, har akwai na wani ɗan kasuwa da ya rasu. Na ce, “Ranka ya daɗe, ba cewa muke ka yafe ba. Ka ci gaba da bi. Amma a littafi dole a ware wani kaso a nuna cewa akwai shakkar dawowarsu.” Ya girgiza kai ya ce, “Malama, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mutanen nan tare muka taso a Kasuwar Singa, ba zan rubuta su a matsayin matattu ba.” Na fahimce shi sarai, kuma ban ga aibu a karamcinsa ba. Sai dai banki da ya ba shi rancen sayen shanshera zai karanta wannan takarda ya ɗauka kuɗin nan suna hanya. Na tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta ce marubuci ya rubuta da adalci. Ya yi shiru, sannan ya ce zai duba.

Sai batun wasiƙun banki. Ya ce ai akanta ya riga ya bugo mana bayanin asusun kowane banki, me ya sa za mu sake rubuta musu? Na ce dole amsar ta fito daga banki ta zo ofishinmu kai tsaye, ba ta hannun kamfani ba. Na ba shi labarin Wirecard na ƙasar Jamus, wanda a watan Yunin 2020 aka wayi gari an gano cewa Yuro biliyan 1.9 da ake cewa suna ajiye a bankuna biyu na Filifin babu su, kamfanin ya durƙushe cikin 'yan kwanaki. Ya ce, “To ni ina ni ina biliyan na Turawa?” Amma ya jawo wasiƙun izinin ya sa hannu a duka huɗun.

Abin da ban faɗa masa ba shi ne, ni ma ba hannuna ne zai hau rahoton ba. Ogana ne zai sa hannu, da lambarsa ta FRC, hukumar da ke sa ido a kan rahotannin kuɗi, da hatimin ICAN, ya ce a ra'ayinmu wannan lissafi ya nuna gaskiyar halin da kamfani yake ciki. Bai ga sito ba, bai shaƙi fumfuna ba. Da idona zai gani. In Alhaji ya ƙi gyara batun basussukan, kuma kuɗin suka yi yawan da za su sauya tunanin mai karatu, to ra'ayin zai fito da togaciya, wato a ce lissafin daidai ne in ban da wannan batu, kuma babu bankin da ke son ganin wannan. Akwai lokaci dai, sai ƙarshen Yuni za a miƙa wa hukumar haraji.

Da muka fito za mu tafi, sai na tarar an buɗe but ɗin motata, wani ɗan dako yana shirin saka buhu biyu, ɗaya nawa ɗaya na yaron. Gabana ya faɗi. An raine ni a gidan da ba a mayar da hannun kyauta baya, kuma na san Alhaji ba cin hanci yake nufi ba, haka yake yi wa duk baƙon da ya taka masana'antarsa. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ni da shi akwai maganar bashi a tsakaninmu da ba ta ƙare ba. Na koma ciki na rusuna na ce, “Ranka ya daɗe, na gode, Allah ya ƙara arziki. Dokar aikinmu ce ta hana, kuma in na karɓa, ranar da zan ce lissafinka daidai ne ba wanda zai yarda da ni.” Fuskarsa ta ɗan canja. Ya ce, “Shi ke nan, Malama, Allah ya taimaka.” Ban sani ba ko ya ji haushi. Yaron kuwa bai ce uffan ba har muka wuce Na'ibawa, sannan ya ce, “Anti, a gidanmu buhun nan zai kai mu azumi.” Na san gaskiya ya faɗa, albashin mai koyon aiki ba ya kai ko'ina. Na rasa abin da zan ce masa, sai da muka tsaya na saya mana tsire muka ci a mota.

Baba mai sito ne ya raka mu har bakin ƙofa ɗazu, ya sa aka mayar da buhunan biyu kan tulinsu, ya tsaya a kai har aka gyara jerin. Ya ce kada ƙirgen ya sake tashi. Na rubuta a takardata cewa a ba shi littafin rakiyar kaya mai lamba a jere da kwafi uku, ɗaya ya riƙa zuwa teburin akanta a ranar da mota ta fita. Zan sa shi a wasiƙar shawarwarin da za mu ba kamfanin.

Gobe hutu ne. Jibi zan kai wasiƙun banki da kaina, sannan in rubuta wa mutumin Maiduguri ya tabbatar mana a rubuce cewa buhu 600 sun isa hannunsa.