Inda Na Kai a Koyon Tace Fim: Darasi Daga Takun Walker

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu koyon tace fim. A 'yan kwanakin nan na ajiye sauran darussa na duƙufa a kan fim guda, wato Point Blank na shekarar 1967, wanda John Boorman ya ba da umarni, Lee Marvin ya fito a matsayin Walker. An ɗauko labarin daga littafin The Hunter na 1962, wanda Donald Westlake ya rubuta da sunan aro na Richard Stark, sai dai fim ɗin ya sauya sunan jarumin daga Parker zuwa Walker, ya kuma kai yawancin labarin birnin Los Angeles.

Ƙashin bayan labarin irin na tsofaffin finafinan nuwa (film noir, wato finafinan aikata laifi) ne na Amurka, waɗanda suka yi tashe a shekarun 1940 da 1950 da duhunsu da inuwarsu da cin amanarsu. Walker da amininsa Mal Reese sun yi fashin kuɗi a tsohon kurkukun Alcatraz, wanda aka rufe a 1963, sai Reese ya harbe shi, ya tafi da kason Walker na dala 93,000, ya haɗa da matarsa Lynne. Daga nan Walker ya shiga bin manyan wata ƙungiyar miyagu ɗaya bayan ɗaya yana neman kuɗinsa. Da a ce an jera wannan labari daga farko zuwa ƙarshe yadda aka saba, da bai wuce fim ɗin ramuwar gayya ba. Abin da ya ɗaga shi shi ne yadda Boorman da mai tacewarsa Henry Berman suka kakkarya lokaci, irin yadda daraktocin Faransa kamar Alain Resnais suke yi a wancan zamani, har mai kallo ya kasa rantsewa ko abin da yake gani yana faruwa ne, ko tunawa ce, ko kuwa mafarkin mutumin da ke kwance yana jiran ajali.

Fitowar da na fi daɗewa a kanta ita ce ta doguwar baranda a filin jirgin saman Los Angeles. Walker yana tafe, ƙarar takalminsa tana bugun ƙasa da ƙarfi ba ta sauya kari. Hoton yana barinsa ya koma wurin Lynne tana shiri da kwalliya, ya nuno shi a cikin mota, amma takun bai tsaya ba, yana nan a ƙarƙashin kowane hoto har zuwa lokacin da ya banko ƙofar gidanta, ya zarce ɗaki ya zazzage harsasai a kan gadon da babu kowa. Na kashe sautin na sake kallo, sai na ga hotunan sun watse, kowanne ya kama gabansa. Da na mayar da sautin, sai suka sake zama abu ɗaya, kuma matar da ke gaban madubi ta zama wadda ake nufowa alhali ba ta sani ba. Takun ne zaren da aka shirya duwatsun a kansa.

Na gwada kwaikwayon wannan dabara da wayata. Na ɗauki wani abokina yana tafiya a baranda mai daɓen siminti, sannan na ɗauki wani yana ƙirga kuɗi a shago, na naɗi ƙarar takun daban da dare lokacin da gari ya yi tsit. Takalmin roba ba ya ba da sautin da ake so, sai sau-ciki mai taurin dunduniya. Sabon abin da na yi shi ne shimfiɗa sautin tun kafin in ɗora hoto ko ɗaya, sannan na riƙa yanka hotunan daidai kan saukar ƙafa. Idan yankan ya zo tare da takun, ido yana karɓar tsallake daga wuri zuwa wuri ba tare da ruɗewa ba, idan kuwa ya faɗo tsakanin taku biyu, sai a ji kamar an yi tuntuɓe. Ina ba duk wanda ya saba fara jera hoto sannan ya nemo kiɗan da zai lulluɓe shi shawara ya juya tsarin ko da sau ɗaya ne.

Akwai kuma batun haske, wanda yanzu nake shiga. Tsofaffin finafinan nuwa da baƙi da fari suke tsoratarwa, amma mai ɗaukar hoto Philip Lathrop ya fito da tsoron tsakiyar rana, cikin gine-ginen gilashi da faffaɗan magudanar ruwa ta siminti, inda mutum yake zama ɗan ƙanƙani a cikin faɗin allo. An kuma ba fitowa-fitowa launinsu: gidan Lynne toka-toka ne da ruwan azurfa, ofishin Carter, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyar miyagun, kore, wuraren da 'yar'uwar Lynne mai suna Chris take, wadda Angie Dickinson ta fito a matsayinta, sun karkata ga rawaya, kuma kayan jikin 'yan wasan suna bin launin wurin. Wannan aiki ne da ake yi tun kafin a kunna kyamara, domin gyaran launi a kwamfuta ba zai mayar da ɗaki mai tarkacen launuka ya zama haka ba.

Saboda haka gwajina na gaba shi ne in sake ɗaukar fitowar shagon da kaya da labule da riga duk masu launi ɗaya, in bar sautin takun yadda yake. Wanda yake da makirfo mai kyau a cikinku, ina roƙon ya naɗo mini taku a kan tayil da kuma a kan katako, domin in kwatanta su da na siminti.