Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kunkurun da Muka Yanke a Agadas

Makon jiya na tsaya ne a inda muka sauke bodin Volkswagen ɗin nan da muke ce wa kunkuru, muka jingine shi a bangon garejin Kawu, har awakin maƙwabta suka mayar da shi makwanci. Kafin in ci gaba, akwai maganar da ta tsaya mini a wuya. A wajen sunan 'yar autan Goggo aka gaya mini Yaya Babba, ɗan Kawu, yana ta ba yara labari, wai shi ya haɗa motar shiga yashin da muka ƙera da ƙasan kunkurun. To, ya ci gaba da faɗa. Duk wanda ya ga tabon da ke bayan hannuna na hagu ya san wanda ya riƙe kan walda a 1988.

Bafaranshen da ya kawo aikin yana kai 'yan yawon buɗe ido Timiya da tudun yashin Temet. Lokacin Agadas cike take da Turawa, ga masu tseren Paris-Dakar, ga masu gangaro da tsofaffin Fijo ta Tamanrasset da Assamaka su sayar. Ya zo mana da hoto a wata mujalla: 'yar mota ba rufi ba ƙofa, manyan tayoyi a baya. Wani Ba'amurke maƙerin jiragen ruwa, Bruce Meyers, shi ya fito da irinta a Kalifoniya a 1964, kuma a kan ƙasan kunkuru ake ɗora ta bayan an rage tsawonsa da inci 14, wajen santimita 36 ke nan. Su bodin faiba suke sawa. Mu ina muka ga faiba? Fayif da falange muke da su.

Ni aka kalla, don ni na taso a Ƙofar Ruwa ta Kano, inda kunkuru ya zama ɗan gida tun da aka fara haɗa shi a Legas a 1975. Na san injinsa a baya yake, iska ke sanyaya shi, ba ruwansa da lagireto, abin da ya sa ya dace da Sahara ke nan. Abin da ban sani ba sai da Kawu ya nuna mini. Ya sa muka ɗora ƙasan motar a kan duro, ya taka kusurwa ɗaya da ƙafarsa, sai ga farantin yana murɗewa kamar faifai. Ashe rabin ƙarfin motar a bodi yake, a dogayen bututun nan na gefe da ake ɗaurewa da faranti. Ka cire bodi, abin da ya rage sai ƙashin bayan tsakiya.

"Kai yaro," in ji shi, "ƙarfe ba ya rufa wa kowa asiri. Abin da ka ɓoye da fenti, hanya za ta tona."

Na ce, "To, Kawu."

A cikin ƙashin bayan nan ne sandar giya take, da bututun mai, da wayar kuloci, da ta totur. Duk sai an zare abin da zai zaru, a yanke a bayan wurin kujeru da zarto a hankali, a rage kowanne daidai da abin da aka rage wa motar. Kwana uku na yi ina awo kafin in kunna wuta. Ina ɗiga walda nan da can, in ja zare daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, in juya, sai tsawon biyun ya zo ɗaya. In ka bi layi da wuta gaba ɗaya, zafi zai ja ƙarfen, motar ta riƙa tafiya a karkace kamar kare. Na rufe mahaɗin da faci mai kauri, sannan na zagaye gefen farantin da fayif mai kusurwa huɗu a madadin ƙarfin da bodi ya tafi da shi. Ƙafafun kejin da ke tare mutum in mota ta kife, a kan fayif ɗin na dasa su, kowace da farantinta. A wannan aikin ne narkakken ƙarfe ya ɗigo mini a hannu. Yaya Babba yana rumfar mai shayi.

Yanzu kujeru. Na wata Fijo 504 da ta mutu muka samu, muka yanke ƙafafunsu don su sauka ƙasa, kan mutum ya zauna ƙarƙashin keji da tazarar tafin hannu. Farantin kunkuru kaurinsa bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba, kuma namu tsatsa ta riga ta ci wajen batir. Saboda haka na gitta fayif biyu daga ƙashin baya zuwa ƙarfen gefe, na ɗaure kujerar direba a kansu da noti huɗu, bel kuma na kai shi jikin keji. Ina gamawa zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyar, Inna tana ta dafa mini ganyen darbejiya. Da na tashi sai na tarar Yaya ya sa ta fasinja. Huda falangen kawai ya yi, ya zura ƙusoshi da 'yan washa kamar kwabo. Na yi magana, ya ce tun ina tsumma yake riƙe sifana. Kawu yana ji, bai ce uffan ba. Wannan shirun ya daɗe yana ci na. Ko a 1994, da aka karya darajar sefa na tattaro na dawo Kano, a mota tsakanin Tanut da Damagaram shi nake ta juyawa a raina.

Ranar gwaji muka shiga yashin korin Telwa, Bature a sitiyari, Yaya ya ce shi ne babba shi zai zauna a gefe. Suka hau wani ɗan tudu da gudu, motar ta yi sama ta dira. Ƙusoshin gaba biyu suka yago falangen, kujera ta kwanta baya, ba abin da muke hange sai tafin ƙafar Yaya da takalmi ɗaya. Allah ya kiyaye, keji ya tare shi bai faɗa kan injin ba. Kujerata ko motsi. Yaran gareji suna ta dariya, ni kuma na tsaya ina jiran Kawu ya buɗe baki ya faɗi abin da kowa ya gani.

Bai ko dubi kujerar ba. Ya tattare rigarsa, ya kwanta a yashi, ya leƙa ƙarƙashin baya, ya yafito ni. Ƙahonni biyun nan da ke riƙe giyabos, na hagun ya ɗan sunkuya. Ban tallafe su da komai ba. Na yi ta fama da tsakiya da gefe, na manta duk nauyin injin a kansu yake rataye, kuma in mota ta dira su ke shan dukan.

"Ƙarfe fa, yaro?"

"Ba ya rufa asiri, Kawu."

Shi ke nan abin da na samu. Ɗansa ya kusa karya wuya, ni aka yi wa karatu. Na daɗe ina cewa son kai ne. Matata ta ce wanda ake sa ran zai gaji gareji shi ake matsa wa, na ce ai ga wanda ya gada. Har Kawu ya rasu bai taɓa ce mini sannu da aikin motar nan ba, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Daren nan na miƙe ƙahon da jak da wuta, na haɗa su biyun da keji da fayif ta kowane gefe, na sake kujerar Yaya irin tawa ba tare da na ce masa komai ba. Motar ta yi shekara biyu tana aiki, sai tawayen Abzinawa na 1990 ya tashi, baƙi suka ɗauke ƙafa, Baturen ya bar ta a hannun Kawu a bakin bashin da bai biya ba. Kujerun biyu, da na je ta'aziyya, na gan su a zauren Yaya, a kan ta direban yake zama yana karɓar gaisuwa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda injin ya koma jan ruwa a wani garka, da wanda ya karɓi kuɗin.