Sana'ata: Kai Mutane Hawan Duwatsun Shere

Ranar da na gaya wa mahaifina na rufe shagon gyaran waya zan koma kai mutane hawan dutse, ya daɗe yana kallona. Can ya ce, "Dutsen da ke nan tun kafin kakanka, shi mutane za su biya ka kuɗi su gani?" Na ce, "Baba, suna ganinsa, hanyar hawa ce ba su sani ba." Ya ce Allah ya sa albarka, amma da ganin fuskarsa bai gamsu ba.

Mu huɗu ne a harkar: ni, samari biyu 'yan ƙauyen da ke gindin dutsen, sai direban da muke ɗaukar shatar motarsa. Ofis kuwa wayata ce. A WhatsApp ake tambaya, a nan ake ciniki.

Duwatsun Shere suna gabas da Jos, tafiyar kamar kilomita 10. Garin Jos kansa ya kai wajen mita 1,200 sama da teku, ƙololuwar Shere kuma mita 1,829. Baƙon da ya taso daga Kano ko Legas ya kan ji lissafin ya ce ai abin ba yawa, sai an yi rabin awa ka ji yana haki kamar wanda aka kora. A yankin ne makarantar horon nan ta gwamnati take, wadda kowa ke kira Man O' War, shi ya sa da yawa suka ɗauka hawan na masu jini a jika ne kawai. Na kai dattijuwa mai jikoki har sama, a hankali, da sandarta.

Mafi yawan aikin kafin ranar tafiya ake yin sa. Duk Alhamis nakan bi hanyar da ƙafata. Ruwa ɗaya ya isa ya zaftare gaɓar rafi, ciyawa ta rufe 'yar turbar da muka bi makon jiya. Daga nan in biya in gaida mai unguwa. Ƙasar Afizere ce, waɗanda mu Hausawa muke ce wa Jarawa, kuma turbar tana ratsa gonakin acca da shingayen kerana. Akwai wuraren al'ada da ba a shiga, ba a kuma ɗaukar hoto, samarin nan ne suka nuna mini su. Kerana ma sai na ja kunnen baƙi, don ruwanta fari idan ya shiga ido, tafiya ta ƙare.

Kowa tambayarsa ɗaya, wane lokaci ya fi. Da hunturu dutse a bushe yake, ƙafa na kamawa, amma hazo kan rufe komai, ka sha wahala ka hau ka tarar ko madatsar ruwan Lamingo ba ka hangowa, ga sanyin Disamba mai fasa leɓe. Da damina ko'ina kore shar, sai dai gansakuka ta maida falalen dutse sabulu. Ni dai Oktoba zuwa Nuwamba nake zaɓa wa mutum: ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba, sama garau.

Wata Agusta na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Ma'aikatan wani kamfani suka ce ƙarfe bakwai, ba su iso ba sai sha ɗaya. Na ga hadari na haɗuwa, amma kuɗin sun riga sun shiga aljihu, na kasa cewa a fasa. Muna gangarowa ruwa ya tsuge, wata ta zame ta yi targaɗe, muka yi karɓa-karɓa da ita a baya har magariba. Tun ranar, shida da rabi mota ke tashi, sha biyu mu juyo ko an kai sama ko ba a kai ba. Mai silifas kuma ba ya hawa, ko da zai yi fushi. Na ajiye kambas na gwanjo kala-kala don haya. Gangara ta fi cin gwiwa, yawancin faɗuwa a nan ake yin ta, lokacin da mutum ya gaji ya fara duba hotuna a waya.

A jakata kullum akwai bandeji, man zafi, igiya, tocila, dabino da ƙuli-ƙuli, da buhu na kwaso robobin ruwa. Wanda ya hango kududdufin tsohuwar haƙar kuza ya ce zai yi iyo, amsar a'a ce. Ruwan a kwance yake lumui, amma ramin ma'adinai ne, zurfinsa ba na wasa ba.

Abin da ya fi karya mu shi ne labarin rikici. Tun na 2001 sunan Jos ya samu tabo, ko a wata ƙaramar hukuma mai nisa abu ya faru, sai a soke tafiyar wata guda. A irin wannan lokacin nakan koma kai iyalai kallon dutsen Riyom da ruwan Assop na Hawan Kibo, inda mota ke kai mutum kusa.

Yanzu adashi nake zubawa saboda Chappal Waddi, can dajin Gashaka Gumti a Taraba, mita 2,419, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a Najeriya. Tafiyar kwanaki ce da ma'aikatan gandun. Sai na je da ƙafata sau biyu kafin in karɓi ko sisin wani.