Mako na shida da na'urar jawo zafi: sakamakon rage zafin ruwa

'Yan'uwa da muke koyon wannan aiki tare, yau mako shida ke nan da na fara rubuta abin da mita ta nuna kowace safiya bayan sallar Asuba, a gidanmu da ke gefen birnin Leeds a Ingila, inda aka cire tukunyar gas mai dafa ruwan ɗumama gida aka kafa na'urar da ke jawo zafi daga iskar waje. Aikinta irin na firji ne, sai dai ita zafin da ta kwaso daga waje take zubawa cikin ruwan da ke zagaya radiyetocin ɗakuna, wato ƙarafunan jikin bango masu ɗumama ɗaki. Ana auna ƙwazonta da COP, wato yawan zafin da ta bayar idan aka raba shi da yawan lantarkin da ta ci.

A makon farko lissafina bai wuce 2.6 ba, domin na tafiyar da ita yadda na saba da tukunyar gas: ruwa a digiri 55, a kunna da safe, a kashe da rana, a sake kunnawa da yamma. Kwamfaresa kuwa, wato injin da ke matsa gas a cikin na'urar, tana shan wahala gwargwadon tazarar da ke tsakanin sanyin waje da zafin ruwan da aka nema daga gare ta, don haka kowane digiri ɗaya da aka rage yana ƙara ƙwazonta da kusan kashi 2 cikin 100. Da na gane haka sai na kunna tsarin da ke sa zafin ruwa ya riƙa bin yanayin waje, na buɗe bawul ɗin kowace radiyeta gaba ɗaya, na bar na'urar tana aiki dare da rana a hankali. Ban sauko da zafin a tashi ɗaya ba. Ina rage digiri ɗaya ko biyu, in jira kwana uku, saboda bangon bulo yana jinkirin nuna sauyi, kuma wanda ya yi gaggawa zai yanke hukunci a kan ɗumin da ya kwana tun jiya.

Yanzu idan waje yana digiri 5, ruwan yana fita a digiri 38, falo yana tsayawa a 20, lissafin wannan mako kuma ya kai 3.5. Ranar farko uwargida ta dafa radiyetar falo ta ji ta ɗumi-ɗumi kawai, ta tambaye ni ko na'urar ta lalace; sai da na nuna mata ma'aunin zafi na bango hankalinta ya kwanta. A ganina wannan ne wuri mafi wuya, domin hannu ya saba neman ƙarfe mai ƙuna alhali ɗakin ya riga ya yi daidai.

Safiyar da aka tashi da hazo, waje yana digiri 2, na tarar ƙanƙara ta rufe bayan na'urar, can sai fanka ta tsaya, farin tururi ya tashi, ruwa ya riƙa ɗiga. Narkar da ƙanƙara take yi, kuma a irin wannan sanyi mai laima lissafi yakan faɗi, saboda haka kada ku taɓa saiti a ranar.

Ɗakin yara na baya ne har yanzu bai gamsar da ni ba, domin ya tsaya a digiri 17. Radiyetar da ruwanta ke digiri 40 tana bayar da kusan kashi ɗaya cikin uku ne na zafin da za ta bayar a digiri 70, ta ɗakin kuwa ƙarama ce mai falle ɗaya. Maimakon in ɗaga zafin gidan duka saboda ɗaki guda, na auna bangon, na yi odar mai falle biyu, kuma mako mai zuwa zan kawo muku abin da ma'aunin ɗakin ya nuna.