Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ɗanyen Katako

Assalamu alaikum jama'a, ku yi min afuwa na makara wannan satin, wayata ce ta faɗa bokitin wanki sai jiya da daddare na karɓo ta daga wajen mai gyara.

A kashi na 8 mun tsaya inda sunana ya fito a ABU Zariya amma ba a Lauyan da na cike ba, makina bai kai ba, sai na samu sashen wasan kwaikwayo, kuma na gaya muku yadda Baba ya ajiye zarto a shagonsa na Funtuwa ya dube ni sama da ƙasa yace "wai Nasiru yanzu har wasa ma sai an je jami'a an karanto shi?" Toh wallahi a ranar ni kaina ba ni da amsa, don iyakar abin da na sani game da wasa shi ne tashen da muke yi da azumi muna yara mu manna gemun auduga mu cusa tsumma a ciki, sai kuma fina-finan Kano da ƙannena mata ke kallo. A tunanina shekara huɗu zan yi ina haddar magana da koyon kukan ƙarya, daga nan a ba ni digiri.

Ranar da aka fara kai mu Drama Village na ɗauka ɓatan hanya muka yi. Jami'a guda da benaye ko'ina, sai ga ka a gaban ginin ƙasa, ɗakuna zagayayyu da katanga ta haɗe su da fili a tsakiya sama a buɗe, sak gidan kakana a ƙauye. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine Steven Ehrlich ne ya tsara shi a tsakiyar shekarun 1970 lokacin yana koyarwa a nan, daidai lokacin da Michael Etherton ya kafa karatun wasan a ƙarƙashin sashen Turanci. Daga nan ne ɗalibai suka riƙa fita ƙauyuka irin su Soba da Bomo da Maska su zauna da manoma su ji matsalarsu sannan a mayar da ita wasa a yi a dandali da Hausa, mutanen gari na sa baki. Da na ji an ambaci Maska sai da na gyara zama, Maska fa tamu ce, nan kusa da Funtuwa, mun sha zuwa biki.

Shekarar farko ba wani labari, lakca ce da rubutu da gudun neman wurin zama, tarihin wasa tun daga Girkawa, Turanci, ga kwasa-kwasan da muke ɗauka a wasu sassa. Abu ɗaya da ya tsaya min shi ne ranar da malami ya rubuta tashe da wasan gauta da 'yan kama a allo yace su ma za mu rubuta jarabawa a kansu, na yi ta dariya ni kaɗai, wato abin da aka sha zane ni a kansa saboda na dawo gida ƙarfe sha ɗaya shi ne yanzu ake ba maki.

Aji biyu ne idona ya raina fata. Aka ce ajinmu zai shirya wasa cikakke a nuna wa jama'a da tikiti, kuma komai mu za mu yi. Aka raba mu, masu fitowa, masu fitilu, masu sutura da kwalliya, masu gina fage, masu talla. Ni kuwa na riga na sa rai da babban matsayi har ina gwada tafiyar sarauta a ɗakinmu na hostel ɗin Suleiman, 'yan ɗaki na min dariya. Na karanta layi uku kacal malam ya ɗaga hannu yace ina haɗiye ƙarshen magana, na baya ba zai ji ni ba. Sai wani abokina mai bakin tsiya yace "sir ai babansa kafinta ne". Nan fa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don tun da na zo makarantar cewa nake Baba ɗan kasuwa ne yana harkar katako. Allah ya yafe min. Malam bai ma lura da halin da nake ciki ba, murna ya yi yace shikenan an samu shugaban masu gina fage.

Ashe kafin ka taɓa guduma sai ka yi zane. Sai ka karanta wasan sau uku ko huɗu kana ƙirga ƙofa nawa ake buƙata, wa ke shiga ta ina, a ina za a ɓuya, sannan ka zana filin kamar kana kallonsa daga sama, sannan ka gina ɗan ƙaramin samfurinsa da kwali, duk santimita 1 a kwali tana matsayin 25 a fili, har da ɗan mutum na kwali don a ga tsayi. Rular awon ma aro na yi wajen wani ɗan ɗakinmu mai karanta zanen gine-gine, shi ya zauna da ni dare biyu yana koya min yana zagina. Yadin da za mu lulluɓe bangon kuma wata 'yar Industrial Design mai karanta rini da saƙa ce ta taimaka mana, don haka kullum ina hanya tsakanin sashenmu da nasu har masu gadi suka ɗauka can nake. A can na fara jin sunan Demas Nwoko, wanda ya yi karatun zane a nan Zariya a ƙarshen shekarun 1950 ya wuce Faransa ya koyo tsara fagen wasa, ya dawo yana zane yana gini yana koyar da wasa a Ibadan, mutum ɗaya. Na ce ashe dai ba ni aka fara wahalarwa ba.

Har launi sai da ya ba mu kunya. 'Yan sutura sun ɗinko wa matar sarki jar riga mai kyau, ranar gwajin fitilu aka haska mata koren haske rigar ta koma baƙa ƙirin kamar mai takaba, yarinyar da ta ɗinka ta fashe da kuka tana cewa an canja mata yadi. Ba wanda ya canja, jan yadi ba ya mayar da koren haske, shanye shi yake. Tun daga ranar mai fitila da mai ɗinki da mai fenti suka daina aiki kowa a kusurwarsa.

Yanzu ga inda na tafka ta'asa. Aji ya yi karo-karo aka damƙa min kuɗin katako na tafi Sabon Gari. Mai katakon ya nuna min busasshe ya nuna min wani malaina tu-bai-tu mai araha, har ga Allah ya gaya min bai gama bushewa ba, ni kuma na yi lissafin rarar za ta sayi fenti, kuma gaskiya ta sayi shayi da ƙwai na kwana uku, ba zan ɓoye muku ba. Muka haɗa firam shida muka ja yadi muka buga, muka yi fenti ruwan ƙasa, muka jingine su a rana su bushe, kowa na yaba min ana cewa ɗan gado. Kwana huɗu na dawo na tarar duk sun kantare, wani ya murɗe kamar ganyen da aka sa a wuta, yadin ya yi tattara, ƙofar da sarki zai riƙa bugowa cikin fushi kuwa ko da ƙafa ka tura ba ta rufuwa. Saura kwana shida wasa, kuɗi sun ƙare.

Na zauna a bakin katangar nan har aka kira magariba. Dooshima, wata 'yar Binuwai da ke cikin rukunina, ta zo ta zauna can gefe tace ita a garinsu masu sassaƙa gumakan Kwagh-hir, wasan gargajiyar Tibi, ba a raba su da masu wasan, kuma in abu ya lalace tsoho ake nema ba a zama ana kallonsa. Tace "ka kira babanka mana". Sai da na yi isha'i na iya danna lambar.

"Baba barka da dare, an wuni lafiya?"

"Lafiya lau. Kuɗi ne suka ƙare?"

"A'a Baba, katako ne ya kantare min."

Ya yi shiru har na duba ko layin ya yanke, can yace "katakon me kake yi da shi a makarantar wasa?" Na kwashe komai na gaya masa. Tambaya ɗaya ya yi, da na ɗaga katakon a kasuwa da nauyi ko ba nauyi. Nace da nauyi. Yace "jakin banza" ya kashe waya.

Asabar ƙarfe takwas na safe sai ga kira wai yana bakin get. Motar Funtuwa dama ta nan take bi, ta Giwa da Shika ta faɗo Samaru, ya sauka da tsohuwar jakar buhunsa ta kayan aiki da hular nan tasa da ta sha ƙurar katako. Duk kunyar da nake ji a da sai ta taso min a hanya, muna tafe ina satar kallon ɗalibai, shi kuwa ko a jikinsa, bishiyoyi yake kallo yana faɗin sunan kowace da abin da ake yi da katakonta. Da muka shiga bai fara ta kan aikina ba, katangar ƙasar ya dafa ya shafa yace "wannan magina na gaske ne suka yi". Sannan ya ɗauki guntun katakona ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ya kai hanci ya shinshina ya miƙo min, ƙamshin ɗanyen itace kamar yau aka saro shi. Bai ƙara zagina ba, wannan ya fi min ciwo.

Muka ɓalle firam ɗin duka. Ya ware waɗanda za su moru, ya sa aka kwaso wasu karyayyun bencina da aka jibge a baya yace wannan ya shekara goma yana bushewa ya fi na kasuwa, ya yanka falawud ƙanana masu kusurwa uku ya buga a kowane lungu, ya gicciya katako ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, kowace haɗa sai ya ɗora sikwaya, ma'aunin kusurwa, kafin ƙusa ta shiga. Ya tambaya a fili za a yi wasan, nace eh, yace toh yadi a firam ai tallar kai yake wa iska, a yi matokari a baya a danne da buhun yashi. Daidai abin da ke cikin littafinmu, wanda na karanta na haye.

Wajen azahar idonsa ya faɗa kan samfurin kwalin. Ya ɗauka da hannu biyu ya daɗe yana juya shi, ya buɗe 'yar ƙofar da farce ya rufe, yace "Nasiru kai ka yi wannan?" Nace ni ne Baba. Yace shi shekara talatin yana aiki daga ka, mai aiki ya kwatanta da baki shi ya ƙera, in an samu saɓani a yi ta rigima, da yana da irin wannan da an huta. Sai kuma ya ɗora ɗan mutumin kwalin a bakin ƙofa yace in sarkin naku zai naɗa rawani ƙofar nan ta yi gajarta. Wallahi ba wanda ya lura a cikinmu, har malam.

Malam ɗin ya iso ana cikin haka, ya gaida Baba da hannu biyu, ya roƙe shi ya nuna wa ajin yadda ake gane busasshen katako. Haka Baba ya tsaya a tsakiyar fili ɗalibai sun fi arba'in sun zagaye shi, yana yi da Hausa ina juyawa da Turanci, 'yan kudu na "Baba Baba" suna miƙo masa guntaye ya ƙwanƙwasa. Abokin nan nawa mai bakin tsiya har da rubutawa a littafi.

Na roƙe shi ya dawo ranar Alhamis ya ga wasan yace shi ba ya kallon wasa, ya yi la'asar a masallaci na raka shi titi. Sai da mota ta tashi na koma na ga ya bar sikwayarsa a kan benci, na kira shi yace ba mantuwa ya yi ba.

Daren wasa ina tsugune a bayan bango kusa da buhun yashi ina ƙirga, sau goma sha ɗaya sarki ya bugo ƙofar nan, iska ta taso wajen tsakiya har fitila ɗaya ta yi lilo, bango ko gezau. An yi tafi sosai, duk na sarki da matarsa ne, ba mai tafa wa ƙofa.

Sai dai akwai ɗan matsayi da aka ba ni na minti biyu, wani mashayi da ke ratsa fage yana tangaɗi da kwalba, ruwan lipton ne a ciki. Wani ya ɗauki hoto ya sa a Facebook ya maƙala sunana, kafin Juma'a hoton ya isa wayar Kawu Sale, yayan Baba, wanda dama tun farko cewa ya yi a cire ni a kai ni kasuwa. Abin da ya faru a zauren gidanmu ranar Lahadi sai a kashi na 10 in Allah ya kai mu.